Kafin a kai wa masu tukwane: yadda ake gane tsohon inji mai daraja a Damagaram

Lokacin ina yaron garaji, maigidana ya sa ni share bayan rumfa don damina ta gabato. Cikin tarkacen na tono wani kilas, wato kan inji da ke rufe silindu, na alminiyam, faffaɗa fiye da waɗanda na saba ɗauka, da mazaunin kamshaf biyu a kansa, wato sandunan da ke buɗe bawul. Na nuna masa, ya ko kalle shi da kyau bai yi ba, ya ce: "Kai yaro, kai wa masu tukwane, ka sayo mana goro da canjin." Na ɗora a amalanke, aka auna a kilo, aka narke. Sai bayan shekaru, ranar da na buɗe injin Peugeot 405 Mi16 da hannuna, na gane abin da na kai wuta. Ta yiwu har yau wata baiwar Allah tana tuƙa tuwo a cikinsa a Birni ko Garin Malam.

Irin wannan kaya ba daga sama suka faɗo mana ba. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun yi ta ƙetaro Sahara da tsofaffin Peugeot da Mercedes ta Tamanrasset, Assamaka, Arlit da Agadas, su sayar su koma gida ta jirgi. Tseren Paris-Dakar da aka fara a ƙarshen Disamba 1978 ya sha ratsa Nijar, da motocin rakiya da na masu sha'awa a bayansa. Ta kudu kuma ga Kano, ga kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Sai Land Cruiser da Range Rover na ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da suka tsufa aka yi gwanjonsu. Mafi yawan abin da ke jibge a bayan garejojinmu inji ne gama-gari, wanda bai wuce kuɗin ƙarfensa ba. Aikin shi ne a ware ɗan kaɗan ɗin da ya fi haka, ba tare da an sayi labari ba.

Da farko, wanki

Ka tanadi gazuwal ko kananzir, buroshin waya mai laushi, alli, fensir da farar takarda, mayen ƙarfe, ma'aunin milimita mai baki biyu da muke kira piye-a-kulis, miƙaƙƙen ƙarfen awo, da siraran ƙarafan da ake auna tazarar bawul da su. Fitilar wayarka ma kayan aiki ce.

Wanke bulok ɗin, wato gangar jikin injin, musamman duk wani fili da aka goge ya yi sumul. Kada ka bari yaro ya sa injin gurza ko takardar yashi mai kaushi a wurin. Lambar da aka buga ba ta da zurfi, gurza ɗaya ta isa ta cinye ta, kuma daga nan duk mai saye na kirki zai ɗauka kai ne ka goge don ɓoye wani abu. In lambar ta dusashe, goga alli ka share da yatsa, farin zai zauna a ramin. Haska fitila ta gefe, ba ta sama ba. Sannan ɗora takarda ka goga fensir, ka adana kwafin.

Lamba iri biyu ce

Akwai wadda ta fito tare da zubin ƙarfen, tana tudu, kana jin ta da yatsa. Wannan tana faɗa maka kwamin da aka zuba bulok ɗin a ciki, wani lokaci har da ranar zubi. Akwai kuma wadda aka buga da guduma ko na'ura, ko aka maƙala a ƙaramin allo da ƙusa. Ita ce ke faɗin abin da aka haɗa da bulok ɗin a masana'anta. Kwami ɗaya yana iya haifar da injin tseren mota da injin motar ɗaukar kaya, don haka lambar zubi kaɗai ba ta isa hujja.

Misali mafi bayyana daga Amurka yake. Chevrolet ta fara ƙaramin V8 ɗinta a 1955, kuma lambar zubinsa tana baya, a leɓen da giya ke haɗuwa da inji. Lamba 3970010 ta shahara, masu talla na ambatonta kamar zinariya, alhali an zuba ta shekara da shekaru, an sa ta a motocin gudu da na aiki duka, wasu da ƙusa huɗu a murafan tsakiya da ke riƙe karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, wasu da biyu. Abin da ke rarrabewa yana gaba, a ɗan filin da ke gaban kilas na dama: harafin masana'anta, kwanan wata, da haruffan ƙarshe. In ƙarshen DZ ne, injin Camaro Z28 na 1969 ne. Irin wannan da wuya ya iso Damagaram, na kawo shi ne don darasin. Ford ma tana da nata salon: C na nufin shekarun 1960, D na 1970, don haka C5 a farkon lamba yana nuna an tsara kayan a 1965, ko da an zuba shi bayan nan.

Waɗanda za ka iya cin karo da su a nan

Peugeot ne gida, da shi za mu fara. Injin 504 na fetur da kowa ya sani, XN1, mai cc 1971 ne, bulok na baƙin ƙarfe, kilas na alminiyam, a kwance a karkace. Yana ko'ina, darajarsa ta aiki ce. Ɗan'uwansa XN2 na 504 TI shi ne abin nema, domin maimakon kafireto yana da famfon allura na Kugelfischer, mai siraran bututu huɗu suna tafiya kowace silinda. Da yawa an cire musu famfon an mayar da kafireto saboda rashin mai gyara, famfon kuma aka jefa a akwati. In ka ga tsohon makaniki yana da irin wannan akwati, nemi izini ka duba. Sau tari famfon da bututansa sun fi bulok ɗin kuɗi. Sai V6 da Peugeot, Renault da Volvo suka haɗa kai suka ƙera, wanda ake kira PRV. Ya shiga 504 Coupé a 1974 da cc 2664, kuma da shi aka ci tseren Safari na Kenya a 1978. Na cc 2849 ya zo a 505 V6. Duk jikinsa alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi, shi ya sa masu tukwane ke son sa.

A ƙananan Peugeot kuwa, duba ɗan allon da ke maƙale a bulok. D6B injin 205 GTI 1.9 ne mai doki 130. D6C na 405 Mi16 ne, bawul 16, doki 160. Duka cc 1905 ne, kuma daga nesa suna kama da injin 405 na haya. A Golf ma haruffa biyu ne ke magana: DX na GTI na farko mai 1.8, KR na Golf 2 mai bawul 16.

Toyota ta sauƙaƙa wa mai karatu. Lambar farko tsara ce, harafin da ke biye dangi ne, abin da ke bayan ɗan layi kuma bayani: G kilas ɗin gudu, F kilas ɗin tattalin mai, T turbo, E allura mai kwamfuta. Saboda haka 4A-FE na Corolla da ke yawo a gari da 4A-GE da ya fito a 1983 ƴan gida ɗaya ne, cc 1587, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Murfin 4A-GE biyu ne a ware, fulogi na tsakiyarsu. Masu sani har haƙarƙarin da ke gefen bulok suke ƙirgawa: na farko uku gare shi, na baya bakwai, kuma mai bakwai ya fi ƙarfi. Haka 2JZ-GE da 2JZ-GTE, duka cc 2997, amma na biyun ne mai turbo tun daga masana'anta.

Inda aka fi cutar mutane a yankinmu shi ne Land Cruiser, domin a nan ne kasuwa take da gaske, masu hawa Tanut da Agadas ba sa wasa da inji. 1HZ da 1HD-T duk sun fito a 1990, duk silinda shida, cc 4164. Sai mutum ya ɗaura wa 1HZ turbo, ya wanke, ya fesa fenti, ya ce maka 1HD-T ne. Ga yadda za ka kama shi. Allurar 1HZ murɗa ta ake yi ta shiga kilas kamar fulogi, ta 1HD-T kuwa da maƙali ake danne ta. In an cire kilas, 1HZ yana da ƴan ɗakunan ƙuna zagayayyu a fuskar kilas, 1HD-T ba shi da su, ramin ƙunarsa a kan fistin yake kamar ƙoƙo. Allon motar ma shaida ne: HZJ na 1HZ, HDJ na 1HD, FJ na injin fetur irin 2F mai cc 4230. 12H-T na HJ61 kuwa, in ka same shi lafiyayye, kada ka yi saurin rabuwa da shi.

Mercedes lambobi shida na farko ne sunan injin. 102.983 na 190E 2.3-16 ne, wanda kamfanin Cosworth na Ingila ya tsara masa kilas. 617.95 da wata lamba a ƙarshe injin gazuwal ne mai silinda biyar da turbo. Range Rover kuma, wanda ya ci rukunin motoci a Dakar na 1979 da na 1981, injinsa V8 ne na alminiyam mai cc 3528, asalinsa na Buick ne na Amurka. Kusa da lambarsa, wajen sandar duba baƙin mai, an buga matsinsa: misali 8.13 ko 9.35. Mafi girman lambar, mafi ƙarfin injin, amma mafi tsanar gurɓataccen fetur.

Lambar da aka taɓa

Shafa filin da yatsa. Na masana'anta a miƙe yake, da siraran layukan na'ura duk suna bin hanya ɗaya. In ka ji kwari a tsakiya, ko ka ga zagayen tabon injin gurza, an goge. Dubi haruffan: girmansu ɗaya? Zurfinsu ɗaya? Shida da tara ba juyayyun juna ba ne? Allon da aka maƙala da sababbin ƙusoshi masu ƙyalli a kan tsohon bulok shi ma abin tambaya ne. Sannan kwanakin su yi daidai da hankali: ba a haɗa inji kafin a zuba bulok ɗinsa. Lambar da aka sake bugawa ba kuɗi kaɗai take ragewa ba, tana iya kai ka gaban jandarma a kan injin da ba ka san tarihinsa ba.

Awo

Yanzu ka san sunansa, saura lafiyarsa. Ba a cinikin biri a sama: in mai kaya ya hana a buɗe kilas da kaskon baƙin mai, kuɗin ƙarfe kawai za ka taya.

Auna faɗin silinda ka gwada da na asali. XN1 da XN2 milimita 88, ƙaramin 504 mai cc 1796 kuwa 84. 4A 81, 2JZ 86, 1HZ da 2F 94, Rover 3.5 kuma 88.9. In kana shakkar girman inji, lissafin ba wuya: faɗi sau faɗi, sau 0.7854, sau tsawon tafiyar fistin, sau yawan silinda, duk a santimita. A 504, 8.8 sau 8.8 sau 0.7854 sau 8.1 sau 4 zai ba ka 1971. Kankare kan fistin da itace ka karanta: STD na nufin ba a taɓa faɗaɗa silindar ba, 0.50 ko 1.00 na nufin an yi. Bulok ɗin da ya kai awon ƙarshe ya cinye rayuwarsa, sai dai a sa masa shemiz, wato bututun ƙarfe da ake zurawa ya zama bangon silinda.

Sa farce a bakin silinda ta sama. In farcen ya maƙale a wani ɗan tudu, ta ci sosai. Wannan ciwon ƙasarmu ne: ƙurar hunturu da matatar iska da ake busawa a mayar shekara da shekaru. Piye-a-kulis ba ya kaiwa tsakiyar rami, don haka in injin ya cancanci kuɗi, kai shi wurin masu gogar bulok su auna sama da tsakiya da ƙasa.

Peugeot na XN da na XU mai bulok ɗin alminiyam da PRV suna da wata rahama: shemiz ɗinsu zarewa ake yi a sa sabuwa, ruwa na taɓa ta kai tsaye. A irinsu cin silinda ba shi ne abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne mazaunin shemiz a ƙasa. Mu nan ruwan rijiya da na famfo muke ɗurawa a lagireto, babu maganin tsatsa, sai ya cinye mazaunin ya bar ramuka kamar cin gara. Da zarar wurin ya lalace, ruwa zai riƙa sauka cikin baƙin mai komai sabuntar kayan da ka sa. Rover manya, 3.9 da 4.0 da 4.6, nasu ciwon shi ne shemiz ta saki ta zame bayan inji ya yi zafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai ya saya da kuɗin rariya.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar bulok da ta kilas, a tsaye, a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ka gwada zura siririn ƙarfen awo a ƙasa. A yawancin injuna, in 0.10 ya shige, sai an goge fuskar. Kilas ɗin da aka riga aka goge sau biyu ko uku kuwa ya yi siriri, auna kaurinsa ka gwada da littafin injin.

Juya bulok ɗin. Murafan karanshaf su cika, lambobinsu a jere, kibiyoyinsu na kallon gaba. An huda su ne tare da wannan bulok, murfin wani ba ya zama daidai sai an sake hudawa, kuma ba ko'ina ake wannan aikin ba. Ciro kusine, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ka karanta bayansa: 0.25 ko 0.50 na nuna an goge karanshaf. Mazaunin da ya yi shuɗi ko baƙi, kusine ya taɓa juyawa a ciki. A 1HD-T na farko-farko, kusinen biyel, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, shi ne sanannen rauninsa, da shi za ka fara.

Neman tsaga

Dabarar tsofaffi har yau tana aiki. Jiƙa wurin da kananzir, bar shi ya sha, goge ya bushe ƙarau, shafa garin alli, ka ajiye a rana. Inda tsaga take, kananzir zai dawo ya zana baƙin layi a kan farin. Duba tsakanin mazaunan bawul, gefen ramukan ƙusoshin kilas, da haƙarƙarin da ke riƙe karanshaf. Bi jikin bulok na baƙin ƙarfe da mayen ƙarfe, inda ya saki a ƙarƙashin fenti akwai gam ko walda ta tagulla. Sabon fenti a kan tsohon inji, ni dai ƙara min zargi yake yi.

Karanshaf kuma rataye shi da igiya ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana amo mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta, mai tsaga ƙwas yake yi ya mutu. Wannan gwajin farko ne kawai, ba ya kama kowace tsaga. Dubi layin da ke bin gefensa: siriri kamar zare na zubi ne, mai faɗi da aka goge ƙirar maƙera ce, ita ce masu neman ƙarfi ke so. A kilas ɗin Mercedes OM603 akwai wata gajeruwar hanya: in lambar zubinsa 603 016 14 01 ce, irin mai saurin tsagewa ne, masu 17 ko 22 a wannan gurbin sun fi aminci.

Ƙananan kaya

Ga mutumin Damagaram, riba ta fi yawa a abin da ke shiga kwali. Kafireto Weber 40 DCOE tagwaye, famfon Kugelfischer, bututun shaƙar iska na 4A-GE mai rubutun T-VIS, kilas ɗin Cosworth ko na Mi16 da kamshaf ɗinsa da murafansa a jere. Weber na asali a Bologna ta Italiya aka yi su har zuwa 1992, sannan aikin ya koma Sifen, kuma kasuwa cike take da kwaikwayo. Na asali yana da nau'i da lamba a buge a murfinsa, zubinsa tsaf. Kada ka rarraba saiti. Kilas ba murafan kamshaf ɗinsa kusan kayan awo a kilo ne.

Kuɗi

Kowane inji farashi uku gare shi. Na ƙasa shi ne na masu awo a kilo, alminiyam ya fi baƙin ƙarfe. Je ka tambaya a ranar, domin ƙasa da wannan ba za ka yi asara ba. Na tsakiya shi ne abin da direba ko makaniki zai biya don ya sa a mota ta yi aiki, a nan ko a Maraɗi ko Agadas ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Na sama shi ne na masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka, kuma shi ne ke ruɗar matasa. Yaro zai nuna maka waya: "Baba, dubi nawa ake sayar da irinsa a Faransa." Ya buga a 655.957 na sefa kowane yuro, idonsa ya rufe. Abin da ya gani kuɗin da mai kaya ya nema ne, ba wanda aka biya ba. A eBay akwai wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar, can za ka duba. Kuma wancan injin yana ƙofar gidan mai saye, da takardunsa. Naka yana Damagaram, babu teku, hanyar Kwatano ta rikice tun 2023, ga duwan, ga nauyi. Shi ya sa 1HD-T da 12H-T da 2F kasuwarsu ta gida ta fi ta waje tabbas, Mi16 da Cosworth kuwa sai ka sami mai so kafin ka zuba kuɗi.

Lissafina kullum daga sama nake saukowa. Na ɗauki farashin lafiyayyen irinsa a kasuwar da zan iya kaiwa da gaske, na cire kuɗin guga da huda, kuɗin fistin da ringi da kusine da gasket, kuɗin abin da ya ɓace, motar kai shi Kano ta Matamai in aikin ya fi ƙarfin nan, da la'adar dillali. Abin da ya rage, na taya ƙasa da shi, domin ba a rasa abin da ido ya tsallake. Injin da har yanzu yake cikin motarsa ta asali, lambarsa ta dace da takarda, kada ka raba su. Tare sun fi kuɗi.

A ciniki ba na yi wa dattijo ƙarya cewa kayansa shara ne. In ya ce, "Ɗana, me ka gani a jikinsa?" sai in ce, "Baba, irin da ake nema ne, amma ga tsagar nan, ga abin da gyara zai ci." Garin ƙarami ne, gobe ma wurinsa za ka koma. Ku rubuta takardar ciniki da lambar injin, da shaidu biyu, da kwafin takardar motar da aka ciro shi in akwai.

In ka kai shi gida, shafe silindu da mazaunan kusine da baƙin mai mai kauri, ɗaura murafan a wurarensu, toshe ramukan da tsumma mai mai, ka ɗora shi a kan katako a ƙarƙashin rufi. Karanshaf a tsaye ake ajiye shi ko a rataye. Ka rubuta sunan injin da fenti a gefen bulok, manya-manyan haruffa, yadda yaron da za a sa shara kafin damina zai gani.